Fensirin da Na Samo a Damagaram

Tun da na dawo daga Damagaram ban huta da tambaya ba. A gidan suna, a bakin asibiti, har a wajen mai kayan miya sai an tare ni: "Hajiya Matiron, ya ƙasar Faransa? Me kika samo mana?" Na gaji da maimaitawa, kuma na lura duk wadda na ba labarin sai ta ƙara masa gishiri kafin ta kai gaba. Jiya ma wata ta ce ta ji an kulle ni kwana biyu a kan iyaka. Ba a kulle ni ba, a benci aka zaunar da ni. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, duk mai tambaya in miƙa mata.

Ga wanda bai san ni ba, ni ce shugabar nas-nas a wani ƙaramin asibitin mata da yara a cikin birni, nan gindin Dala. Shekarata tara a kan kujerar. A bayan idona ma'aikata "Soja" suke ce min, na sani, kuma in faɗi gaskiya daɗi sunan yake min. Bana da soja suka koma bariki farar hula suka karɓi ƙasa, na ji wata nas tana cewa a asibitinmu dai ba a miƙa mulki ba tukuna.

Ba ta yi ƙarya ba. Jadawalin aiki ni kaɗai nake rubuta shi duk ƙarshen wata, da jan biro, in sa shi a akwatin gilashi a bango in danna kwaɗo. Ba musanya, ba don Allah don Annabi. Ina da hujjata: ba mu da yawa. Shekarun nan nas-nas sun yi ta zubewa Saudiyya, ba a ɗauki sababbi ba, sabuwar gwamnati ta ce za ta ɗauka, muna nan muna jira. Ungozoma biyu masu takarda suka rage mana, ɗaya ga tsohon ciki. Ɗayar ita ce Sista Rabi, wadda matan unguwa ke kiran sunanta tun daga bakin ƙofa in naƙuda ta kama su. Likita ya faɗa min ƙarara cewa ranar da Rabi ta tafi, ranar za a rufe ɗakin haihuwa a riƙa tura mata babban asibiti. Wanda ya san lungunanmu, inda ko kurar ruwa da ƙyar take wucewa, ya san ma'anar wannan. Mace za ta haihu a soro ko a kan hanya.

To ni da hannuna na kori Rabi. Goggonta ta rasu wata Lahadi, Rabi tana bakin aiki. Bayan an kai ta, Rabi ta dawo ido jawur ta tsaya gaban teburina, ma'aikata suna kallo, ta ce, "Matiron, kwana uku nake roƙo, in zauna karɓar gaisuwa. Ita ta riƙe ni." Na buɗe littafin dokokin aiki na nuna mata da yatsa: uwa, uba, miji, ɗa. Babu goggo. Na ce, "Doka ce, Sista, ba ni na rubuta ta ba. Gobe ke ce da safe." Ta dube ni, ta dubi littafin, ta ce to. Washegari ta zo a kan lokaci. Bayan kwana goma sha biyu ta ajiye min takardar barin aiki, wa'adin wata guda, wai ta samu wuri a Saudiyya. Ƙa'ida ita ce in tura takardar ofis a ranar. Na kasa. Na jefa ta a jaka, ina yawo da ita kamar laya.

Ana cikin haka aka aiko min da gayyata zuwa taron bita na shugabannin nas-nas na ƙasashen nan biyu, a Damagaram, Litinin zuwa Juma'a, kan yadda za a shigar da ilimin kulawa cikin shugabanci. Na yi tsaki. Ni da gidana ke cin wuta, za a kai ni koyon kulawa? Amma ofis ya ce dole, kuma sai na kawo satifiket. Wa'adin Rabi kuwa zai cika ranar Asabar ɗin makon.

Ranar Lahadi da sassafe na isa tashar Ƙofar Ruwa da farin mayafina da na sa aka goge har yana ɗaukar ido. Fijo ce mai kujera uku, aka cusa ni a tsakiya. Damana wani Alhaji ne da ƙullin baƙin rini da ya saro a Ƙofar Mata, ya ƙi yarda a sa masa a but, ya rungume shi a cinya. Haguna wata gajeriyar mata ce mai jiki, mai dariya ba dalili, wadda tun kafin mu bar tasha ta fara cin dafaffiyar masara. Ta miƙo min, na ce na ƙoshi. A Kazaure ta miƙo gyaɗa, na ce na ƙoshi. A raina na ce wannan 'yar kasuwa za ta cika min kunne har Damagaram, sai na rufe ido na yi kamar barci.

Abin da ya ba ni dariya a hanya shi ne direbanmu. Wuraren da soja suke tsare hanya a da, yanzu ba kowa sai tsofaffin durom a gefen titi, amma duk inda ya hango su sai ya rage gudu ya gyara hula. Alhaji ya ce, "Malam, ai sun tafi." Direba ya ce, "Na sani, Alhaji, ƙafar ce ba ta ji labari ba." Da muka tsaya sallah a Daura na fito, na ga rabin mayafina na dama ya koma shuɗi, rinin Alhaji ya zuba a kaina tun daga Kano. Na yi masa tas a gaban mutane. Ya ce in yi haƙuri, ai shaida ce rinin na gaske ne. Matar nan ta yi dariya har da riƙe ciki.

Mun wuce Kongwalam, ɓangarenmu na kan iyaka, lafiya. Da muka shiga ɓangarensu aka ce kowa ya fito da takardunsa. Na fito da nawa a jere cikin leda, don ni mutum ce mai takarda. Wani siririn ma'aikaci ya duba ya ce, "Hajiya, ina katin allura?" Na laluba jaka, babu. Katin rigakafin nan mai ruwan ɗorawa yana can cikin aljihun teburina a Kano, na kulle shi da kaina don kada ya ɓata.

Na ce, "Ɗana, ni matiron ce. Ni nake yi wa mutane allurar nan."

Ya ce, "Ban musa ba, Hajiya."

Na nuna masa takardar gayyata, na nuna katin aiki, na ɗaga murya, na sauke murya. Bai yi fushi ba, bai kuma motsa ba. Ya miƙo min takarduna da hannu biyu cikin ladabi ya ce, "Doka ce, Hajiya, ba ni na rubuta ta ba."

Wallahi ji na yi kamar an watsa min ruwan randa. Ban taɓa jin maganar daga wannan gefen teburin ba. Ashe haka take da sanyi. Na nemi benci na zauna.

Ofishin mai yin allurar yana nan kusa, amma shi ya tafi hutun rana. Wannan ita ce al'adarsu ta farko da ta ɗaure min kai: rana na take tsaka sai a rufe ofis, kowa ya tafi gida ya ci ya kwanta, sai wajen la'asar a dawo. Direba ya ce ba zai iya jira ba, ya sauke min jaka. Mota ta tashi, sai na ga matar nan mai masara ita ma ta sauko da kayanta, ta zo ta zauna kusa da ni. Na ce, "Baiwar Allah, ke da takardunki suka cika?" Ta ce, "Yo a bar baƙuwa ita ɗaya bisa benci? Ci gyaɗa." A wannan karon na karɓa.

Da mai allura ya dawo ya hango ta, sai ya cire hula ya rusuna: "Majo, lahiya kike nan?" Na tambaye ta mene ne majo. Ta ce shugaban nas-nas ke nan a wajensu. Sunanta Zainabu, ita ke riƙe da wani gidan haihuwa a Damagaram, 'yarta ta je dubawa a Kano, kuma taron da za ni ita ma can za ta. Kunya ta rufe ni. Awa biyar ina yi wa takwarata kallon mai tallan gyaɗa. Aka tsira min allura a dantse, aka ba ni sabon kati, muka samu wata mota. Sai bayan magariba muka shiga gari. A masaukin da aka tanadar wa baƙi mai gadi ya ce an gama rabon ɗakuna, in dawo gobe. Majo ta ɗauki jakata ta ɗora a ka ta ce, "Taho mu tahi gida." Gidan nata a cikin harabar asibitinta yake, katanga ɗaya ta raba su.

Abinci dai ba laifi. Tuwon gero da miyar kuka kamar na gida, furarsu kuma ta fi tamu, na faɗa ko za a kore ni daga Kano. Amma burodinsu! Dogo ne kamar taɓarya, kuma kusan taurinsu ɗaya. Da safe aka ba ni shi da kofi a kwano, na gatsa, ya yanke min dadashi. Sai da na ga yadda Majo take tsoma nata ya jiƙa sannan na gane kan abin. A wajen taron kuma wata madam ta tarye ni ta sumbace ni a kumatu, dama da hagu. Na sandare kamar an dasa ni. Tun da uwata ta haife ni babbar mace ba ta taɓa yi min haka ba.

Taron kansa abin dariya ne da farko. Malamar bitar ta yi magana da Faransanci, tafinta ya juya mana zuwa Turanci, mu yi tambaya da Turanci ya mayar Faransanci. Da an fita shan shayi kuwa kowa Hausa yake yi, har malamar da tafintan. A rana ta biyu wata dattijuwa ta ce don Allah a daina wahalar da bawan Allah, aka koma Hausa, sannan na fara jin abin da ake faɗa.

Malamar ta ce masana aikin jinya sun daɗe suna rubutu cewa jinya ba allura da ƙwaya ba ce kawai. Sai ka san wanda ke kwance, ka san abin da ke cin ransa, ka tsaya tare da shi, ka ɗauke masa abin da ya kasa har ya iya da kansa. Na gyaɗa kai, don wannan ko a barci zan karanta. Sai ta ce to shugaba ma majinyata gare shi, su ne ma'aikatansa, kuma nas ɗin da aka bari da ciwonta ba za ta daɗe tana ɗaukar na wasu ba. Ta raba mana farar takarda ta ce kowa ya rubuta sunan marasa lafiyar da ya baro a gado, da abin da ke damun kowanne. Na cika shafi kafin kowa, har da lambar gado. Ta ce to a juya takardar, a rubuta sunayen ma'aikata, da abin da ke damun kowace a gidanta.

Sunayen na rubuta. Na riƙe biro na tsaya. Na san wadda ke makara ranar Litinin, na san wadda ba ta goge hularta, na san mai dogon farce. Amma wa ke da miji a kwance, wa ke da yaro mai sikila, wa ke tahowa a ƙafa daga bayan ganuwa, ban sani ba. Shekara tara. Mutum ɗaya na san damuwarta, ita ma don ta zo ta faɗa min da bakinta ne, na buɗe mata littafi. Na leƙa takardar Majo, na ga har gefe-gefe ta rubuta. Na kife tawa a cinya.

Ranar Laraba da safe kafin mu fita, Majo ta ce in raka ta ta leƙa asibitinta. Kada ku ɗauka aljanna na gani. Ma'aikatanta ba su kai nawa ba, wata da silifas take aiki, wata ɗankwalin atamfa ne a kanta, kuma na tarar da biyu suna cacar baki kan wadda ta bar wa wata wanke-wanken kayan aiki. Da a wajena ne da tuni na rubuta takardar gargaɗi uku. Amma abin da ya tsayar da ni yana ɗakin shan shayinsu. Jadawalin aiki ne manne a bango, ba gilashi ba kwaɗo, an rubuta shi da fensir, ga fensirin da kilina a rataye da zare. Takardar har ta yi baƙi don gogewa.

Na ce, "Majo, wannan ai kowa sai ya goge ya rubuta abin da ya ga dama."

Ta ce, "Don haka aka rataye shi. Sharaɗi biyu ne: kada a bar gurbi ba kowa, kuma wadda ta goge da wadda aka rubuta su zo su hwaɗa mini tare." Ta nuna min wani layi a gefe. "Wannan nike fara cikawa kahin in rubuta aikin kowa. Suna, biki, arba'in, ranar kai tsoho likita. Sai in gina aikin kewaye da su. In ban tambaya ba, ranar za su yi mini ƙaryar zazzaɓi, in rasa mutum ban shirya ba. Gara in sani."

Muna tsaye wata yarinyar nas ta shigo tana kuka, an aiko matar kawunta ta rasu. Majo ta rungume ta, ta bar ta ta yi kukanta, sannan ta ɗauki kilina ta goge sunanta na kwana uku. Gurbi biyu ta kira wasu ta roƙe su, suka yi gunaguni suka karɓa. Na ranar kuwa ba wanda zai iya, sai ta rubuta sunanta, Zainabu. Ta cire mayafi ta ɗaura atamfar aiki.

Bakina bai iya shiru ba. Na ce, "Matar kawu fa? Ko a littafinku ba na jin tana ciki. Ga taro kuma?"

Ta ce, "Littahi bai san wa ya goye ta ba. Ke tahi taron, ki ɗebo mana."

Ban tafi ba, don a daidai lokacin aka shigo da mata biyu a kan gwiwa. Majo ta kama ɗaya, ta dube ni ta nuna min ɗayar da haɓa. Rabona da karɓar haihuwa da hannuna tun kafin in hau kujera, ina ta fargaba, ashe hannu bai manta ba. Namiji ne, ya fito da ihunsa. Da na miƙe bayana ya riƙe, na tuna Rabi tana yin wannan sau nawa a yini, ta kuma yi shi washegarin da aka binne wadda ta raine ta.

Da la'asar muna zaune a tsakar gida na ciro takardar Rabi daga jaka na ba Majo labari duka, ban rage komai ba. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko maigidana. Na zaci za ta yi min wa'azi. Tambaya ɗaya ta yi: "Kin je gaisuwa?" Na ce ban je ba, aiki ya yi yawa. Ta ce, "Wace rana ta rasu?" Na faɗa. Ta shiga lissafi da yatsu, ta kai ƙarshe ta sake daga farko, ta ɗago ta ce, "Gobe Alhamis arba'in."

Na ce, "Satifiket sai Juma'a ake bayarwa."

Ta tashi ta shiga asibiti, ta dawo da wani guntun fensir da zarensa ta sa min a hannu, ta ce tsarabar Damagaram ke nan, in haɗa da burodi.

Ni da ban taɓa barin taro ba a rufe da addu'a ba, asubar Alhamis ta same ni a tasha. Motar ba ta cika ba sai da hantsi ya dubi ludayi, ina zaune ina cin raina. Mun wuce Matamai kaɗan sama ta ɓalle da ruwa, muka tarar da wani kwari ya cika, mota ta shiga ta kafe. Maza suka fita turi, ba ta motsa ba. Na tuɓe takalmi na tattare zani na shiga cikin taɓo na sa kafaɗa, ina yi musu tsawa irin ta asibiti, su kuwa suka bi umarni kamar sun san sunana. Da ta fita tayar baya ta yi min feshin laka daga goshi har ƙafa. Mayafin da ya je da shuɗi ya dawo da ja a kai. A kan iyaka siririn ma'aikacin nan ne dai. Tun bai tambaya ba na ɗaga masa katin sama. Ya yi murmushi ya ce, "Sauka lahiya, Hajiya."

Ana kiran la'asar muka shigo Ƙofar Ruwa. Ban biya gida ba, don na san in na tsaya wanka da canja kaya zuciyata za ta kawo min dalilin fasawa. Na ɗauki jakata da dogayen burodi biyu a hammata na kutsa lungu ina tambaya, abin kunya, gidan su ma'aikaciyata ta shekara tara ban sani ba. Wata mai ƙosai ta nuna min.

Tsakar gidan cike da mata, an gama rabon waina da gumba ana ta wanke-wanke. Na yi sallama, hira ta tsaya cak. Rabi tana durƙushe gaban baho, ta ɗago ta gan ni, hannunta ya tsaya a cikin ruwa. Aka jawo min kujera, na ƙi, na zauna a tabarma. Wata tsohuwa da ke jingine da bango ta ƙura min ido ta ce, "Rabi, wace ce wannan ta faɗo daga kududdufi?"

Rabi ta ce, "Matiron ɗinmu ce, Iya."

Tsohuwar ta ce, "Au, ita ce Sojan?"

Wasu suka toshe baki. Na ce, "Ni ce, Iya. Na zo gaisuwa ne, na makara da kwana talatin da tara." Na juya wajen Rabi, a gaban kowa, don a gaban mutane na yi mata abin da na yi. Na ce, "Sista, ya haƙuri? Allah Ya jiƙan Goggo, Ya sa ta huta. Kin zo min da mutuwar uwa na buɗe miki littafi. Ban kyauta ba. Ba don ki fasa tafiya na zo ba, ko kin tafi ina neman ki yafe min."

Rabin maganar nan ta ƙarshe ƙarya ce, Allah Ya sani ina so ta fasa. Amma neman yafiyar da gaske nake.

Rabi ba ta ce ta yafe ba. Ta share hannu, ta kawo min ruwa da waina a faranti, ta zauna a gefen tabarmar. Can ta fara magana, ba ni take kallo ba. Ta ce mahaifiyarta a wajen haihuwarta ta rasu, Goggo ce ta ɗauke ta tana jaririya. Da saƙar hula ta yi mata makaranta, har idonta ya mutu a kan allura. Ita ce ta ce sai Rabi ta zama ungozoma, don kada wata ta mutu yadda matar ƙaninta, mahaifiyar Rabi, ta mutu. Ta yi kuka, na yi. Da ta tashi komawa bakin baho na bi ta, na naɗe hannun riga muka ƙarasa kwanukan tare. Iya tana daga bango tana cewa a bar Soja ta yi, ai ladanta ne. Burodin kuma ta karɓa ta ƙwanƙwasa shi a ƙasa ta tambaya ko na daka ne.

Ranar Juma'a na kira ma'aikata ɗaya bayan ɗaya ina tambayar wa ke da suna, wa ke da biki, wa ke da mara lafiya a wata mai kamawa. Da farko ba wadda ta yarda ta faɗa, sun zaci tarko ne. Sai da mai tsohon cikin nan ta yi ƙarfin hali ta ce ƙafafunta kumbura suke in ta yi tsayuwar yamma, sannan bakuna suka buɗe. Abin da na ji a yinin nan ya fi abin da na sani a shekara tara. Na cire kwaɗon, na sa aka kwance gilashin, na rubuta sabon jadawali da fensirin Majo na rataye shi a gefe. Na sa sunana a ɗakin haihuwa sau biyu a mako. Layin Rabi na bar shi fari.

Asabar ita ce ranarta ta ƙarshe. Ta zo a kan lokaci kamar kullum, ta karɓi haihuwa biyu kafin azahar. Ina ofis na bar ƙofa a buɗe, ina riƙe da wani fayil da ban karanta ko layi ɗaya a ciki ba. Da ta tashi daga aiki na ga ta tsaya gaban bangon ta daɗe. Sannan ta leƙo.

"Matiron, takardar nan tawa, ofis sun amsa?"

Na ciro ta daga jaka, duk ta yamutse, gefenta ya sha ruwan Matamai. Na ce, "Ba ta je ofis ba. Damagaram ta je ta dawo."

Ta juya ta a hannu, na ga bakinta yana so ya yi dariya tana hana shi. Ta ce, "To tunda ita ta fita waje ta ga duniya, ni bari in ɗan dakata." Ta ninke ta ta sa a aljihunta, ba ta yaga ba, na lura da wannan. Ta koma bango ta kama fensirin ta fara cike layinta, Litinin safe, Talata safe, har ƙarshen wata.

Na yi hamdala. Ɗakin haihuwa yana nan a buɗe, satifiket kuwa har yau ofis suna tambayata ina cewa yana hanya. Don murna a ranar na zaro jan birona na miƙa mata na ce, "Sista, ungo, bi kansa da wannan ya zauna sosai."

Ta dubi biron, ta dube ni, ta saki fensirin yana lilo a jikin zarensa.

Ta ce, "A'a, Matiron. Bar shi da fensir."